Garin Bt Kurstaki: Maganin Tsutsa Mai Kyau, In An Iya Fesa Shi

Wannan garin magani, da ake sayarwa da sunaye irin su Dipel, daga bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis (Bt a taƙaice), nau'inta da ake kira kurstaki, ake yin sa. A Japan aka fara gano ta a 1901 cikin tsutsar siliki, kuma tun 1938 aka fara sayar da maganin ƙwari da aka yi da ita a Faransa.

Ba ya kisa da taɓawa, sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa. Furotin ɗin da ke ciki yana narkewa a hanjinta ya huda shi, ta daina ci cikin 'yan sa'o'i, ta mutu bayan kwana 2 zuwa 3. Manomin da ya saba ganin ƙwari na zubewa nan take zai ce maganin bai yi ba, alhali ɓarnar ta riga ta tsaya. Ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye tsutsa suna tsira, kuma a ganinmu wannan kaɗai ya isa dalilin sayensa.

A kan kabeji da tumatir, rabin kilo zuwa kilo 1 ake sa wa hekta. In ruwan feshin lita 400 ne, giram 20 zuwa 40 ke nan a kowane injin goyo mai lita 16, amma a bi abin da ke jikin leda. A fara dama garin a ɗan ruwa kafin a cika tanki, a kuma fesar da shi a ranar. Ruwa mai kanwa-kanwa yana lalata shi.

Babban rauninsa rana ce, cikin 'yan kwanaki take kashe masa ƙarfi. Don haka a yi feshi da yamma, a jiƙa bayan ganye sosai, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, ko da zarar ruwan sama ya wanke shi. A tari tsutsa tun tana ƙarama. Wadda ta girma ko ta shige cikin kara ko ɗan tumatir ta wuce shi. Ba ya yi wa darɓa da farin ƙuda komai, tunda tsotsa suke yi.

Kada a dogara da shi kaɗai kaka bayan kaka, domin tsutsar kabeji ta taɓa zama mai jure masa a Hawai, tsibiran ƙasar Amurka. A riƙa musanya shi da spinosad, wanda shi ma daga bakteriyar ƙasa ake samun sa.