Akwatin rimot da na haɗa wa Hajiya da Arduino Nano, bayan wata uku

Idon Hajiyarmu ya yi rauni, ga rimot har uku a falo: na talabijin, na dikoda, na fanka. Kullum sai ta ɗauki wanda ba shi ba, ta yi ta danna tana faɗa. Na gaji na shiga Sabon Gari na sayo allon Arduino Nano, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni, da ɗan idon nan mai ƙafa uku da ke karɓar hasken rimot, da fitilar aikawa, na haɗa mata akwati ɗaya mai manyan maɓallai shida.

Ranar farko na sha kunya. Na koya masa duk lambobin da rimot ɗin ke aikawa, yana aiki sumul, aka ɗauke wuta, da ta dawo bai san komai ba. Laifina ne, na bar su a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Mu da ke Tudun Wada ba ma gina komai a kan wuta za ta zauna.

Sai na koma wa EEPROM, wato ma'adanar da ba ta mantuwa a cikin ATmega328P, ɗan guntun da ke tafiyar da allon. Bayit 1024 ce kacal, na raina ta. Ashe rimot ukun nan duk tsarin aika lamba da ake kira NEC suke bi, kowane danni bit 32, bayit huɗu ke nan. Ko na ƙara bayit ɗaya na shaidar tsari, maɓalli kusan 200 za su shiga. Tun daga ranar ba ta zubar min da lamba ko ɗaya ba. Ana iya rubuta kowane gurbi kamar sau 100,000 kafin ya lalace, don haka na yi amfani da umarnin EEPROM.update, wanda ba ya taɓa gurbi sai abin ciki ya canza.

Inda EEPROM ɗin ta gaza shi ne na'urar sanyaya ɗakin Yaya. Wannan rimot ɗin duk danni sai ya aika yanayin injin gaba ɗaya, sanyi da ƙarfin iska da sauransu. Da na adana tsawon kowane ƙyaftawar haske, maɓalli biyu suka kusa cinye wurin.

Na sayo wata EEPROM ta daban, 24C256, mai kilobayit 32 don in ƙara. Har yau tana cikin leda, don Hajiya ta ce, "Kai dai kar ka sake ka taɓa min akwatina."