Inda na kai littafina aka gyara a Sakkwato, da maganar siniyar da na mayar muguwar labari

Masu tambayata ina na kai littafina aka gyara aka buga, nan cikin garin Sakkwato ne ban je Kano ba. Shago ne irin na fotokwafi da taifin ɗin furojet na ɗaliban Danfodiyo da na Kwalejin Shehu Shagari, amma daga ciki akwai wata baiwar Allah tsohuwar malamar Hausa da ta yi ritaya, ita ke karɓar gyaran littafi, ɗanta kuma shi ke kan kwamfuta yana tsara shafuka da bango. Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai ƙorafin da zan yi a ƙasa, amma tun yanzu in faɗa, aikin Malama ya ci kuɗinsa har da ƙari.

Labarin nawa na makarantar kwana ne ta 'yan mata, kuma muguwar cikinsa ba ƙirƙirarta na yi ba, siniyata ce ta gaske lokacin ina aji ɗaya. Duk wadda ta yi bodin ta san irinsu. Ranar bizitin iyayenki na juya baya za ta zo ta tsaya kan akwatinki ta kwashe madara da suga da ƙuli-ƙuli ta bar miki gari tsura, da asuba cikin sanyin hunturu ke ce ɗibar mata ruwan wanka, ke ce wankin yunifom, in bokitin bai cika ba tsallen kwaɗo daga bakin hostel har bakin famfo, ko ta sa ki kwana ƙarƙashin gadonta kan siminti. Shekaru sun wuce, na yi aure na haihu, amma wallahi har yau in na ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe sai gabana ya faɗi. To da na zauna rubutu ita ta fara fitowa, na sa ta yadda take, sunanta harafi ɗaya kawai na canza, garinsu, wushiryarta, tabon ƙuna da ke bayan hannunta na hagu, sana'ar babanta, duk na zuba. Kuma ba ni kaɗai ke haka ba, in kina karanta littattafan da ake sakewa a Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp za ki ga mugayen da kina gani kin san marubuciyar ta san mai wannan fuskar, ba daga ka ta zo ba.

Yadda suke aiki: ki tura musu rubutun ko da a waya kika yi shi, su fitar a takarda, Malama ta bi da jan biro layi-layi, sannan ta kira ki ki zo ku zauna. Kuɗin gyara shafi-shafi ake lissafa shi, na tsarawa da bugu daban, kuma tun farko suke faɗa, ba a ƙara min ko kwabo a tsakiyar aiki ba. Gyaran ƙa'idar rubutu kam ba a magana, inda na haɗe kalmomi ta raba, inda na raba ta haɗe, haruffa masu lanƙwasa da waya ta cinye min duk ta dawo da su. Abin da ya fi burge ni ta bar min Sakkwatanci a bakin mutanen labarin, inda siniya ke cewa "ke wagga, taho nan, in kin hwaɗi ma metiron kin san sauran" ba ta taɓa ba, bayanin marubuciya kawai ta daidaita. Ta ce tana duba wa masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa ma, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, shi ya sa idonta ya saba da yanke surutu.

Amma zaman da muka yi kan muguwar nan shi ne dalilin wannan rubutun. Ta buɗe babi na uku ta ɗora yatsa kan tabon hannun, ta cire tabarau ta ce "ɗiyata, wannan yarinya tana da rai ko?" Na ce tana nan Malama, har na ji tana aiki tana da 'ya'ya. Ta ce to duk 'yan setinku shafi biyu za su karanta su gane ta, kuma ke a babi na goma sha wani abu kin sa ta yi sata a gidan miji kin sa ta bin boka, wannan ta yi shi? Na ce a'a, wannan labari ne. Ta ce a nan gizo ke saƙar, abin da ta yi miki a makaranta haƙƙinki ne ki faɗa, amma kin ɗauki fuskar mutum ta gaskiya kin liƙa mata laifin da ba ta aikata ba, mai karatu kuma ba zai iya raba wanne ne ya faru wanne kika ƙara ba. Ta tuna min ɓata suna laifi ne a Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da ita kan abin da suka saka a Facebook, kuma ɗan layin nan da muke sawa a farkon littafi na "ban yi don wani ko wata ba" ba ya wanke mutum in kamannin sun fito ƙuru-ƙuru.

Ni kuma ban yi shiru ba gaskiya. Na ce Malama ai Allah da kansa a Suratun Nisa'i aya ta 148 ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen ya bayyana abin da aka yi masa. Ta ce ƙwarai, abin da aka yi masa, ba abin da yake fatan ya sami azzalumin ba, sannan ta jawo min aya ta 12 a Hujurati kan cin naman ɗan uwa. Mun daɗe a nan. Abin da na yaba shi ne ba ta taɓa ce min ki yafe ki manta ba, irin maganar da ake rufe mana baki da ita tun muna yara, kuma ba ta ce a cire zaluncin ba, ko layi ɗaya na kwana kan simintin nan ba ta goge ba, har cewa ta yi in ƙara bayanin yadda juniya ke jin tsoron kai ƙara don ta san metiron za ta tafi gida siniya kuma tana nan. Abin da aka canza suna ne gaba ɗaya, da gari, da tabon, da sana'ar uba, aka haɗa ta da halin wasu siniyoyi biyu da na sani. Sannan ta yi min tambayar da ta gyara littafin, wai ita wannan yarinya wa ya yi mata haka tana aji ɗaya? Na koma na rubuta babi guda kan haka, kuma duk waɗanda suka karanta wannan babin suke fara yi min magana a kai, don muguwar ta zama mutum, ta fi ban tsoro ma.

Wuri ɗaya muka rabu. Malama ta so a ƙarshe siniya ta zo ta durƙusa ta nemi gafara, ni na ƙi, don a rayuwa ba su cika zuwa ba, da yawansu ma sun manta sunanki ke ce kike ɗauke da abin. Ta ce littafinki ne, ta bar shi yadda nake so, ba ta murɗa min hannu ba.

Ƙorafina yana ɓangaren bugu. Kwafi kaɗan na yi don haka da injin DI aka buga, wato mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, girman A5, takardar ciki mai giram 70 ce kuma ta yi kyau ba a ganin rubutun baya. Amma a samfurin farko duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna saboda irin harafin da yaron ya zaɓa a manhajar tsara shafuka ta CorelDraw, sai da aka sake, don haka kar ki yarda a buga sai kin riƙe samfuri a hannunki kin karanta. Ranar da suka ce in zo in karɓa ba ta tabbata ba, yau babu wuta gobe janareta ya lalace jibi aikin furojet ya yi musu yawa, kuma saƙon WhatsApp sai ya kwana ba a buɗe ba, gara ki hau keke napep ki je da ƙafarki. Gam ɗin ɗaurin ma bai jure zafin Sakkwato ba, kwafin da na bari a mota cikin watan Afrilu shafukan tsakiya suka fara zarewa, da na mayar sun sake ɗaure min da fin a ciki kafin gam ba su karɓi kuɗi ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma ba sa nema miki, wannan aikin Laburaren Ƙasa ne ke za ki bi da kanki.

In kwafi dubu za ki buga, ki karɓi fayil ɗinki ki kai inda ke da manyan injina a Kano ko Kaduna. In gyara kike nema, musamman in akwai wani mai rai a cikin labarinki, ki kai wa Malama tun kafin ki saki babi na ɗaya a guruf, kuma ki guji lokacin da ɗalibai ke rububin furojet.