Ku kiyayi mai sayar da ledar taki ta bogi

Jama'a wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Katan 2, leda 500, na biya kuɗin cas tun kafin ya turo kaya, kuma ko ɗaya a ciki ba mai ruɓewa ba ce, ledar roba ce kawai aka yi wa koren launi. Ni abin da nake so leda ce da zan shimfiɗa a bokitin da muke zuba ragowar abinci, in ya cika in ɗaure in jefa ramin taki da ita gaba ɗaya, shi kenan fa.

Kada wani ya zo min da maganar ban bincika ba. Na tambaye shi satifiket, ya turo hoto ga EN 13432, wato lambar ƙa'idar Turai ta ledar da ke ruɓewa ta zama taki, ɓaro-ɓaro a jiki har da tambarin ɗan tsiron nan da ake sa wa irin wannan leda, sannan ya biyo da saƙon murya, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, da sitacin masara aka yi ta, ko a gonata ita nake sawa." Ko a gonata. Maganar nan ta ƙi fita daga kunnena, yadda ya faɗe ta a nutse, to wa zai ji haka ya ƙi yarda?

Da na zo juya takin bayan watanni, ɓawo da ganye duk sun zama baƙar ƙasa, ledar kuwa tana nan, wasu sun farfashe gutsi-gutsi sun cakuɗe da takin, da hannu nake tsincewa ina zufa. Af, kafin nan ma ya riga ya yi blokin ɗina, tun ranar da na ce ya turo lambar lasisi, don ƙanwata ta yanki ɗaya ta tura cikin ruwa ta taso sama, ta ce Yaya ta gasken ai ta fi ruwa nauyi, nutsewa take yi. Leda 500! Irin wadda ake zuba wa sinadari ta dagargaje ba ta ruɓe ba ce, wadda Tarayyar Turai ta haramta tun 2021, ita ya liƙa min.

Kuma ko da satifiket ɗin nasa ne, wanda na san ba nasa ba ne, EN 13432 na manyan masana'antun taki ne masu zafi sosai, ramin bayan gida sai mai tambarin OK compost HOME na TÜV Austria, kamfanin da ke gwada kaya ya ba da satifiket, bai taɓa faɗa min ba alhali na gaya masa inda zan sa.

Ku nemi lamba a ƙasan tambarin ku duba ta a shafin waɗanda suka ba da satifiket ɗin, ku fara da rol ɗaya. Sikirinshot da muryarsa duk suna nan, bari wayata ta yi caji.