Ruwan bishiyar beryoza na kwalba: na sha, ga ra'ayina

Duk ɗalibin da ya zo karatu Belarus ko Rasha zai ci karo da shi a kanti: ƙatuwar kwalba mai cin lita 3, cike da ruwa garau, an zana farar bishiya mai ɗigon baƙi a jikin takardarta. Ruwan bishiyar beryoza ne, wadda ake kira birch da Turanci. A watan Maris zuwa Afirilu, idan ƙanƙara ta fara narkewa kafin ganye ya toho, ake huda gindin bishiyar a sa ɗan bututu, ruwan ya riƙa ɗiga cikin mazubi. Makonni kaɗan ne lokacinsa ya wuce.

Na kanti ba shi ne ainihin wanda ya fito daga bishiya ba. Ɗanyen ruwan ba ya kwana da yawa sai ya yi tsami, don haka masana'anta ke dafa shi, su zuba sukari da sinadarin tsamin lemo. Ka juya kwalbar ka karanta, a rubuce yake. Akwai mai na'a-na'a, akwai mai lemo. Mai na'a-na'ar ya fi mini, musamman da sanyinsa. Amma zaƙin nan na sukarin da aka ƙara ne. Ɗanyen da tsofaffin mata ke kawowa kasuwa cikin gorar roba ya sha bamban: kamar ruwan randa da aka jefa wa ƙwayar sukari guda, da ɗan ƙamshin itace a ƙarshe. Sukarinsa na asali bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, mai da furotin kuwa kusan babu. Shi na fi so. Ga masu tambaya, ba ya bugarwa. Sai dai wanda aka ajiye ya yi kumfa, wannan ni ba na kusantarsa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu abokan karatunmu ke shansa a madadin ruwa, wai yana wanke ƙoda. Ruwan nan yana da sinadarin manganis da yawa, kuma takardar kwalbar ba ta cika faɗa ba. Jiki na buƙatar manganis don ƙashi da sarrafa abinci, amma kaɗan: wajen miligiram 2.3 a rana ga namiji, 1.8 ga mace. Kofi babba guda zai iya biyan wannan buƙata har ya haura, ko da yake yawansa ya danganta da ƙasar da bishiyar ta tsiro. Hukumomin lafiya a Amurka sun sa iyakar abin da babban mutum zai ci a miligiram 11 a rana. Wanda ya shanye lita guda yana iya kai wa gaɓar nan, ban da abin da ya samu daga shayi da hatsi da wake.

Hanta ce ke fitar da rarar manganis ta cikin ruwan matsarmama. Idan ta gaza, sai ya taru a ƙwaƙwalwa, ya kawo karkarwa da nauyin tafiya. Mu da ciwon hanta ya yi wa gidajenmu yawa, wannan ba abin wasa ba ne. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna, jarirai kuma kada a ba su.

Ga mai lafiya, kofi guda bayan cin abinci ya isa. Ku sayi ƙaramin kwali, domin babbar kwalbar da zarar an buɗe ta, ko a firji ba ta jimawa.