Header.php ko Site Editor: wanne ya dace da shafin makarantarku?

Ɗan'uwa, ka ce shafukan makarantarku a WordPress, manhajar gina shafin intanet, sun yi yawa, kana so tambari da jerin mahaɗai da lambar waya su fito iri ɗaya a ko'ina, ka gyara wuri ɗaya ya wadatar. Wani ya ce ka buɗe header.php, wani ya ce ka shiga Site Editor. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowanne yana magana ne a kan irin rigar da shafin ke sanye da ita, wato theme, tsarin da ke ba shafi kamanninsa, kuma riguna iri biyu ne.

Tsohuwar riga da fayilolin PHP, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, aka ɗinka ta. Kan shafi yana cikin header.php, gindinsa yana cikin footer.php, sauran samfura, wato fayilolin da ke tsara kowane irin shafi, irin su single.php da page.php suna kiran su ne kawai. In WordPress bai sami samfurin da ya dace da wani shafi ba, sai ya yi ta gangarowa har ya faɗa kan index.php. Sabuwar riga kuwa ta bulo ce, wato blocks, gutsattsarin da ake jerawa a gina shafi. Ta zo da WordPress 5.9 a watan Janairun 2022, tare da wata riga mai suna Twenty Twenty-Two. A nan samfuran HTML ne, kan shafi da gindi suna cikin jakar parts, launi da girman rubutu kuma suna cikin theme.json. Kana jan bulo da hannunka kana ganin abin da kake yi. Duba ƙarƙashin Appearance a allon gudanarwar WordPress: in ka ga Editor mai nuna samfuran shafin gaba ɗaya, taka ta bulo ce.

Amma bambancin da zai dame ka nan gaba shi ne inda gyaranka yake kwana.

A tsohuwar hanya, gyaran yana cikin fayil. Kana iya kwafe shi, ka ajiye, ka kai wani shafin. Haɗarinsa biyu. Na farko, in ka taɓa fayilolin uwar riga kai tsaye, ranar da aka sabunta ta duk wahalarka ta bi ruwa. Shi ya sa ake ɗinka 'yar riga a ɗora a kanta, wadda WordPress ke kira child theme: jaka ce mai style.css, da layin Template da ke ambaton sunan jakar uwar, sai ka kwafo header.php ciki ka gyara a can. Na biyu, PHP ba ya yafiya. Na taɓa mantawa da alama guda a ƙarshen layi da daddare, shafin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa, ga iyaye na neman sakamakon jarrabawa washegari. Sai da na shiga ta wajen masu ajiye mana shafin na gyara.

A Site Editor irin wannan faɗuwar ba kasafai take faruwa ba, kuma sabunta riga ba ya share gyaranka. Sai dai gyaran ba ya komawa cikin fayil, rumbun bayanai yake shiga. Wannan ke rikita mutane ƙwarai. Mutum zai gyara kan shafi a Editor yau, bayan wata uku ya buɗe header.html ya sauya wani abu, ya sake loda shafin sau goma bai ga komai ba. Dalili shi ne kwafin da ke rumbun bayanai ya fi na fayil ƙarfi, har sai an goge gyaran an mai da samfurin asalinsa. Kuma gyaran ɗaure yake da rigar da aka yi shi a kanta. Ka sauya riga, ba zai biyo ka ba.

Elementor Pro, wata ƙarin manhaja da ake sakawa a WordPress, ma yana yin wannan aikin, har ka zaɓi shafukan da kowane samfuri zai fito, amma kuɗi ne duk shekara, da dala. Ga makaranta ban ga dalili ba.

Ni dai shawarata, tunda ka ce ba ka rubuta PHP, kuma wata rana wani malamin ne zai gaje ka a kan shafin, ka ɗauki rigar bulo. Wanda bai taɓa ganin rubutun PHP ba zai iya sauya lambar waya a gindin shafi cikin minti biyu. In kuwa rigarku ta yanzu tsohuwa ce kuma an yi mata aiki mai yawa, kada ka tuɓe ta don yayi, ɗinka mata 'yar riga ya ishe ka.

In ka bi ta bulo, da zarar tsarin ya yi maka yadda kake so, saka ƙarin manhajar WordPress mai suna Create Block Theme, ka sa ya juye gyaran daga rumbun bayanai zuwa fayiloli a matsayin 'yar riga, sannan ka sauke kwafinta ka ajiye a filas. Ka maimaita haka duk lokacin da ka yi babban gyara.