Hattara da masu sayar da manhaja da araha suna cewa sai ka kashe antibairos tukuna

Salam jama'a. Don Allah duk mai amfani da kwamfuta ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, abin da ya same ni ne kuma ba na so wani ya sake afkawa, duk da dai ni ma da hannuna na jawo wa kaina.

Wani na gani a intanet yana tallar manhajojin gyaran hoto da bidiyo da na aikin ofis, irin waɗanda kamfanoninsu ke karɓar kuɗi duk wata, shi kuma wai nasa an fasa su, biya ɗaya za ka yi shikenan har abada. Ga hotunan mutane suna ta yi masa godiya. Kwaɗayi ya ja ni na biya. Ya turo min linki na sauke wani fayil na zip mai fasuwod, sannan ya ce kafin in buɗe in shiga in kashe Windows Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa tare da Windows, wai shi Defender ƙarya yake yi, duk manhajar da aka fasa bairos yake kiranta. Na kashe. Na saka manhaja, kuma wallahi ta yi aiki lafiya lau, wannan ma shi ya ƙara kwantar min da hankali har na tura wa wani abokina lambar mutumin, Allah ya taimaka bai saya ba.

Bayan kamar sati uku sai ga saƙo wai an shiga imel ɗina daga wata na'ura da ban sani ba. Na yi maza na canza fasuwod, na zaɓi doguwa mai wuya ina jin na yi dabara. A ina na canza? A kan wannan laftof ɗin dai. Kwana biyu aka sake shiga. Nan ne jikina ya yi sanyi, don sabuwar fasuwod ɗin ko a takarda ban rubuta ba, ba wanda ya sani daga ni sai kibod ɗina.

Ashe abin da ake kira kiloga aka cusa min. Wata 'yar manhajar leƙen asiri ce da take laɓewa tana naɗe duk harafin da ka danna, fasuwod ne, lambar katin banki ce, hira ce, har wanda ka rubuta ka goge, tana haɗawa da sunan shafin da kake kai a lokacin sai ta tura wa mai ita. Na yanzu ma ba a nan suke tsayawa ba, suna ɗaukar hoton sikirin, suna kwashe abin da ka yi kofi, suna zazzage fasuwod ɗin da ka ajiye a burauza. Shi ya sa masu cewa ai ka yi amfani da kibod na kan sikirin ka tsira, ba ka tsira ba. Kuma kar ku ɗauka sai wani gwani ne ke iya wannan. Akwai wata Agent Tesla da take yawo tun 2014, sayar da ita ake yi kamar kowace haja, wanda ya saya sai ya zaɓi ta inda zai riƙa karɓar abin da aka sato, ta imel ko ta Telegram. Akwai Snake Keylogger da ta fito a 2020. Kenan mai tallar nan ba sai ya iya komai ba, ya saya ne ya manna a jikin manhajar da nake so, ni kuma na biya shi kuɗi na ɗauka na shigar gida.

Sai daga baya na gane hikimar fasuwod ɗin zip ɗin nan. Ba don tsaro na ba ne, don kada antibairos da shafin da aka ɗora fayil ɗin su iya leƙa cikinsa ne. Duk wanda ya haɗa maka waɗannan biyun, zip mai fasuwod da kashe antibairos, ka gudu kawai.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni haushi. Na koma wajen mutumin na ce ga abin da ke faruwa, sai ya nuna tausayi, ya ce ai ba daga kayansa ba ne amma zai iya wanke min kwamfutar daga nesa, in saka AnyDesk, manhajar da ake juya kwamfuta da ita daga nesa, in ba shi lambar da za ta nuna min, sai in ɗan ƙara masa wani abu. Wato kura ce za a ba ajiyar nama. AnyDesk da TeamViewer ba su da laifi, manhajojin aiki ne, amma in ka ba mutum lambar to ka miƙa masa kwamfutarka ne gaba ɗaya kana kallo yana juya ta. Irin waɗannan mayaudaran ne masu sa wani shafi ya cika maka sikirin da jan rubutu da ƙara wai Microsoft ta gano bairos ka kira wannan lambar. Microsoft ba ta sa lambar waya a saƙon gargaɗinta kuma ba ta kiran mutum haka kawai.

Yadda na gano ta kuwa, gaskiya kwamfutar ba ta nuna wata alama ba, ba nauyi ba komai, don haka masu jiran sai na'ura ta fara slo za su daɗe suna jira. Na danna Ctrl da Shift da Esc na buɗe Task Manager, na shiga ɓangaren Startup inda ake jera abubuwan da ke tashi tare da Windows. Sai ga wani abu mai suna kamar svchost, wani fayil na Windows kanta, amma da harafi ɗaya a juye, wajen sunan kamfani kuma babu komai. Na danna dama a kai na ce ya kai ni inda fayil ɗin yake, sai ya kai ni can cikin wata folda a AppData, inda manhajoji ke ajiye bayanansu. Shi kuwa svchost na gaskiya a System32 yake zaune cikin folda ta Windows, ba shi da abin yi a AppData. Na kashe shi na sake kunna kwamfuta, ya dawo. Ashe ya rubuta kansa a Task Scheduler, wurin da Windows ke tsara ayyukan da za su riƙa tashi da kansu, yana tayar da kansa. Wanda ya fi ɗaure min kai, da na shiga saitin Defender wajen Exclusions, sai na tarar an saka wannan foldar a jerin wuraren da aka ce kar ya duba. Kun ga dalilin da ya sa ko da na sake kunna Defender na yi sikanin yake ce min komai lafiya. A 'yan mintocin da na kashe shi aka rufe masa ido.

In kana zargin ya same ka, kar ka fara da sikanin. Fara cire kwamfutar daga intanet. Ɗauki wayarka ko wata na'ura mai tsafta ka canza fasuwod daga can, imel tukuna don ta nan ake ƙwace sauran, sannan banki da su Facebook. Ka danna inda ake fitar da duk na'urorin da ke cikin akawun ɗin, wannan yana da muhimmanci sosai saboda suna satar kukis na burauza, wato 'yan bayanan da ke sa shafi ya tuna ka riga ka shiga, su shiga ba tare da fasuwod ba. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan fasuwod sai an ƙara da wata lamba daga wayarka. Ka leƙa saitin imel ko an sa a riƙa tura saƙonninka zuwa wani adireshi, ni na tarar da ɗaya. In ka taɓa rubuta lambar kati a kwamfutar ka kira bankinka su toshe shi.

Bayan nan sai ka dawo kan kwamfutar. Goge duk abin da ba kai ka saka a Exclusions ba, ka yi Microsoft Defender Offline, zai sake kunna na'urar ya yi bincike kafin Windows ta gama tashi lokacin da ɓarauniyar ba ta farka ba, kamar minti 15 yake ɗauka. Ka ƙara da Malwarebytes, shi ma antibairos ne, don ido biyu sun fi ɗaya. Akwai kuma Autoruns, ta Microsoft ce kyauta, tana fito da duk abin da ke tashi da kansa har wanda Task Manager ba ya nunawa, kuma tana iya tambayar VirusTotal, shafin da ke duba fayil da antibairos masu yawa, a kan kowanne.

Ni dai duk na yi wannan, an kama abu biyu an goge, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya iya rufe wa Defender ido ban san me kuma ya binne ba. Na kwashe takarduna da hotuna kawai, ban ɗauki ko manhaja ɗaya ba, na haɗa filashin Windows a wata kwamfutar daga shafin Microsoft, na goge komai na saka sabuwa. Yini guda ya ci min. In da wani zai tambaye ni, wannan zan ce ya yi tun farko.

Wani abu kuma, akwai kiloga ta ƙarfe, 'yar ƙaramar aba kamar filashi da ake maƙalawa tsakanin wayar kibod da kwamfuta, ita ba antibairos ɗin da zai gan ta, sai dai ka zagaya baya ka duba da idonka, musamman kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa. Kuma wanda abin ya sama ya daina jin kunyar faɗa, a 2022 kamfanin LastPass da sana'arsu kenan ajiye wa mutane fasuwod, da kiloga aka ci su, a kwamfutar gida ta wani injiniyansu aka dasa.

Shi kuwa mutumina da na ƙi ba shi lambar AnyDesk ɗin sai ya yi min bulokin. Na kai rahoton shafinsa an rufe, jiya na sake ganin tallar da wani suna daban, hotunan godiyar nan dai su ne, har kuskuren rubutun da ke cikin tallar bai gyara ba.