Shafin Genius: Yana Warware Baitin Gambara, Amma Ba Ya Jin Muryar Mawaƙi

Tom Lehman da Ilan Zechory da Mahbod Moghadam ne suka kafa shafin intanet na Genius a Amurka a shekarar 2009 domin warware baitocin waƙoƙin gambara. An san shi da sunan Rap Genius har zuwa 2014, lokacin da aka taƙaita sunan zuwa Genius saboda ya buɗe ƙofarsa ga sauran nau'o'in waƙa. Tsarinsa bai da wuyar fahimta: ana rubuta waƙa layi bayan layi, idan mai karatu ya latsa layin da ya shige masa duhu sai sharhi ya bayyana. Masu amfani da shafin ne ke rubuta sharhin, editoci su tantance, wani lokaci kuma mawaƙin da kansa ya bayyana abin da yake nufi.

Inda shafin ya fi amfani shi ne wajen waƙoƙin masu saurin baki. Mawaƙin gambara Twista ya shiga kundin bajinta na Guinness a 1992 bayan ya furta gaɓoɓi 598 cikin daƙiƙa 55, haka kuma Eminem ya cusa kalmomi 1,560 cikin minti 6 da daƙiƙa 4 a waƙarsa "Rap God" ta 2013. Kunne kaɗai ba ya iya tsince irin wannan zuba, don haka mai sauraro yakan tafa wa gudun tun bai san abin da aka faɗa ba. Da zarar an shimfiɗa kalmomin a rubuce, sai hatsi ya rabu da ƙaiƙayi. A nan ake gane mawaƙin da ya saƙa amsa-amo a tsakiyar layi, ya ɓoye habaici, ya ba kalma ɗaya ma'ana biyu, ana kuma gane wanda ya jera kalmomi masu kama da juna kawai domin ya cika gurbi. A ganina wannan ita ce babbar hidimar Genius, domin ya nuna cewa sauri gwanintar harshe da numfashi ne, kuma ba shi ke sa baiti ya yi nauyi ba.

Sai dai shafin ya gaza a wurin da gambara ta fi rai, wato salon isar da baiti. Rubutu ba ya nuna inda mawaƙi ya ja numfashi, ko inda ya jinkirta kalma da gangan ta faɗo bayan bugun ganga, ko inda ya sauke murya har layin ya zama barazana. Layin da zai yi kama da zancen banza a rubuce yana iya zama shi ne ya riƙe waƙar gaba ɗaya. Wanda ya saba auna mawaƙa da ma'aunin Genius yakan fifita mai tarin ma'anoni a ɓoye, ya raina wanda ya iya hawa kiɗa da kalmomi kaɗan, kuma wannan rashin adalci ne. Masu sharhin ma sukan wuce gona da iri, su tono falsafa a layin da mawaƙinsa wasa kawai yake yi.

Akwai ƙananan matsaloli. Tallace-tallace suna damun mai karatu a waya, kuma sababbin waƙoƙi sukan fito da kurakuran ji kafin a gyara su, musamman a baitocin da aka rera da gudu.

Shirin bidiyo na shafin mai suna Verified ya ɗan rage wancan giɓi na rashin jin muryar mawaƙi, tun da mawaƙi yakan zauna ya rera baitinsa ba tare da kiɗa ba, sannan ya yi bayani, har a ji yadda yake danna wata gaɓa ya saki wata. Ga wanda zai yi amfani da Genius, ya fi dacewa ya fara sauraron waƙar ba tare da duba rubutu ba, sannan ya buɗe shafin yana karantawa waƙar tana tashi.